Zanen da Ake Ajiyewa da Wanda Zare Ke Binnewa

A Ingila, ɗan sakandaren da ya zaɓi darasin zane a jarrabawar GCSE ba a kan hoton ƙarshe kaɗai ake ba shi maki ba. Kashi 60 cikin 100 na makin yana fitowa ne daga aikin da ya tara a tsawon karatunsa, kuma littafin zanensa ne ke ɗauke da mafi yawan shaidar: gwajin da ya karkace, hannun da ya zana ya ƙi fita, launin da ya haɗa ya ɓaci. Malami yakan hana shi yage shafi, don so ake a ga hanyar da ya bi.

Abin ya daɗe a jinin Turawa. Gidan tarihi na Victoria da Albert a nan Landan yana riƙe da wasu ƙananan littattafan Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a 1519, waɗansunsu za su shige aljihun riga. Turner, mai zanen teku da hadari, ya mutu a 1851 ya bar littattafan zane kusan 300, yau suna gidan tarihi na Tate. Har gobe za ka tarar da tsohuwa ta kafa kujerar naɗewa gaban wani mutum-mutumi, fensir a hannu, ba wanda ya waiwaye ta.

Mu a Funtuwa da Malumfashi ba masu zane muka rasa ba. Je ka zauna wurin mai zanen hula. Zai shimfiɗa farin ƙyalle a kan katako, ya ɗauko biro da rula, ya raba fili gida-gida, ya fara jan layi ba tare da ya duba komai ba. Kafin shayinka ya huce ya gama, yaro ya kai wa matan da za su ɗinka a cikin gida. Da allura ta bi ta kai, shi ke nan, zare ya binne zanen. Haka aska takwas da tambari a gaban babbar riga. Haka magini da ke fitar da dagi a jikin bango tun ƙasa tana ɗanya. Mai fentin gingimarin da ke lodin masara a kasuwar Dandume shi ma jikin motar ne takardarsa. Almajiri kuwa wanke allonsa yake yi idan ya kiyaye karatu, sai zayyanar sauka kaɗai ake ratayewa.

Wannan tarbiyya tana da ƙarfinta, kuma ina ganin Bature ya yi asararta. Wanda ba shi da inda zai ajiye dole ya haddace. Na sha ganin ɗalibai a nan Ingila da littafi ya zame musu abin ado: a manna ganye, a ƙona gefen takarda, a rubuta dogon bayani don mai ba da maki, amma ka karɓe littafin ka ce su zana, sai inda-inda.

Sai dai hadda ba ta gado da kanta. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya taɓa yin rubutu a kan wasu zane-zanen ɗinki da aka samu a takarda a Kano, kuma abin da ya sa suka ja hankalinsa shi ne irinsu ba su da yawa. Mai zanen hula nawa ne suka rasu a Bakori ko Ƙafur da salon da babu mai iya maimaita shi?

Yanzu waya ta shigo. Mai lalle tana da hotuna fal, amarya ta zaɓa. Mai hula yana turo samfuri ta WhatsApp. To amma hoto gamammen aiki yake nunawa, kuma sau da yawa na wani ne, shi ya sa lallen Funtuwa da na Khartum suka fara zama abu guda. Yaron shagon da ya sayi littafin rubutu mai warƙa arba'in, ya riƙa kwafe zanen maigidansa da dare yana sauya kusurwa ɗaya ko biyu, zai iya buɗe shafin bara ya ga inda hannunsa ya rabu da na maigidan.