Ashirin ɗin Gaya da Sifilin Python

A kasuwar Gaya, idan mai tumatir ta ce "ashirin", dala 20 take nufi, wato sefa 100, domin kowace dala sefa 5 ce. Baƙon da ya zo daga Kamba da kunnen naira yakan rikice, alhali Hausa ɗaya suke ji.

Wani ɗalibi ɗan Gaya, wanda ya tashi da wannan lissafi, ya gamu da irin wannan ruɗanin a kwamfuta. Ya kwafo 0755 daga wani tsohon littafi domin tsara izinin fayil ɗinsa, amma Python 3 ya ƙi karɓa. Sai ya share sifilin, bai san shi ne alamar ƙirga ta takwas-takwas ba. Kwamfuta ta ɗauki 755 a ƙirgar goma-goma, wanda ya yi daidai da 1363 a ta takwas. Wannan izini ya hana shi karanta fayil ɗinsa, ya kuma buɗe wa kowa ƙofar rubutu a ciki.

Tun 2008 Python 3 ya wajabta rubuta 0o755. Harafin "o" tamkar kalmar "dala" ce da 'yan kasuwa suka haɗiye saboda sabo. Wajibi ne mai sabunta littafi ya furta ta, domin baƙo ma yana karantawa.