Rumbun Muryoyi A Jikin Bango

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani abu da muka kafa a gidana a Kalgo, da amfanin da muka samu, da kuma hasarar da sakacina ya jawo mana. Na ga ya kamata in faɗi duka biyu, gama wanda ya faɗi riba ya ɓoye faɗuwa bai yi wa mai saurarensa adalci ba.

Ni mutumin Gwandu ne, aikin koyarwa ya kawo ni Kalgo. Da mahaifinmu ya rasu cikin 2019, Allah ya jiƙansa, abin da ya bari bai taka kara ya karya ba, aka raba ba tare da wata magana ba, sai wata tsohuwar adaka da a ka samu a ƙarƙashin gadonsa. Da a ka buɗe ta sai ga kaset 140. A ciki akwai tafsirin azumi da ya riƙa ɗauka daga Rediyon Kaduna shekara da shekaru, da waƙoƙin Narambaɗa da na Ɗankwairo da na Aliyu Ɗandawo, da karatun da shi kansa ya ke ba ɗalibai a zaure. Akwai kuma waɗansu guda shida waɗanda wasiƙu ne na baki. Yayan mahaifiyarmu, wanda ya tafi gabas tun yana saurayi ya zauna a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, shi ya ke aiko su ta hannun alhazai. Masu karatu sun san garin nan, wanda mutanenmu su ka kafa a bakin kogi kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903.

A kan adakar nan ne mu ka so mu ɓata da 'yan'uwana. Wana ya ce shi ne babba, kuma a gidansa na Gwandu mahaifinmu ya cika, sabo da haka nan za ta zauna. Ni kuwa na ce Inna wurina za ta koma, ita ce kuwa mai sauraro. Maganar ta yi tsawo har mu ka yi wata biyu gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, masu kai gulma kuwa ba su yi barci ba.

Wanda ya raba gardamar yaro ne, ɗan wan nawa, da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda a ka kafa cikin 2013, mazauninta kuwa yana nan Kalgo a kan hanyar Bunza. Ran nan ya zo ya durƙusa ya ce, “Baba, abin da ku ke jayayya a kansa ba zai jira ku ba. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, ko an saurara ko ba a saurara ba. Ku ba ni izini in kwafe shi, kowa ya samu.” Na ji kunya ƙwarai, domin gaskiya ya faɗa. Kamfanin Philips ya fito da kaset cikin 1963, kuma sautin ba wani abu ba ne illa ƙurar ƙarfe mai maganaɗiso da a ka shafa a jikin siririn zare. In ya daɗe sai zaren ya manne da juna, ko ya tsinke, ko murya ta dushe. Ga shi kuma yanzu samun rikoda mai lafiya ya yi wuya.

Aikin kwafa ba shi da gajeriyar hanya. Kaset mai minti 90 sai an ba shi minti 90 ɗinsa, rikoda na juyawa, waya ta haɗa ta da kwamfuta, wata manhaja mai suna Audacity tana ɗauka. Mu ka yi wata huɗu muna yi da dare, inda zare ya tsinke mu liƙe, inda ya warware mu naɗe da biro. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar wurin da ya ci. Minti ɗaya na murya, in an matse shi, bai fi wajen megabait 1 ba, watau dukan adakar nan, wajen awa 200, ba ta wuce gigabait 12 ba. Faifan ajiya mai terabait 1 kuwa yana iya ɗaukar wajen awa 17,000.

To, da farko a waya mu ka zuba wa Inna, a nan ne kuwa na gane kuskurena na fari. Tsohuwar nan shekara 40 tana sa kaset da hannunta, ta san ko wanne da launinsa da tabon da ke jikinsa. Da abin ya koma waya sai ta zama mai roƙo a cikin gidan ɗanta. In tana son tafsiri sai ta jira jika ya dawo daga makaranta, in ya dawo kuwa ya sa mata yana tsaki, ko a kira shi a wayar a yanke mata karatu a tsakiyar aya. Ba ta karatun boko, ƙananan rubutun nan kuwa idonta ba ya ganinsu. Sannu a hankali sai na lura ta daina tambaya. Wannan shirun ya fi damuna bisa ga ƙorafi.

Da na gaya wa yaron sai ya ce a yi wa muryoyin rumbu a gida, a yi wa rumbun ƙofa a jikin bango. Ga yadda abin ya ke, don wanda ya ke so ya gwada. Rumbun wata 'yar kwamfuta ce da ba ta fi tafin hannu ba, sunanta Raspberry Pi, wadda a ka fara sayarwa cikin 2012 daga Kambirij ta Ingila don koya wa yara. A jikinta a ke haɗa faifan ajiya da lasifika. Manhajar da ke tsara abin da ke ciki sunanta Kodi, kyauta ce, dā a na kiranta XBMC kafin a sauya mata suna cikin 2014. Ƙofar kuwa allo ne na gilashi mai inci 7, irin wanda masu kwamfutar su ka fito da shi cikin 2015, wanda ba ya bukatar maɓalli, yatsa kaɗai ya ke ji. Kafinta ya yi masa gida na katako, mu ka kafa a bangon rumfar Inna, daidai inda hannunta zai kai tana zaune bisa kujera 'yar tsugunno. Akwai kuma wata 'yar na'ura, rauta, da ke watsa abin da ke rumbun zuwa wayoyin mutanen gida. Ba a bukatar intanet, ba a sayen data ko ta kwabo. Wutar da kwamfutar ke ci kuwa ba ta wuce wat 15 ba, ƙaramin farantin sola da batir guda sun ishe ta.

Dabarar da ta fi ko wace amfani ba daga Ingila ta zo ba. Inna tana karanta ajami sarai, sabo da haka na ɗauki alƙalami da tawada na rubuta sunan ko wane kashi da manyan baƙaƙe a takarda, yaron ya ɗauki hotonsu ya mai da su alamomin da a ke taɓawa. Guda shida kaɗai mu ka sa a fuskar allon, don kada yawa ya ruɗa ta. Ranar da a ka gama, ta dubi allon ta karanta da kanta, ta miƙa yatsa ta taɓa inda a ka rubuta sunan wanta. Sai ga muryarsa ta cika rumfa, yana gai da ita da sunan da ya ke kiranta tun suna yara, yana lissafa 'ya'yansa da jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Mu ka fita mu ka bar ta.

Wani zai ce, me ya sa sai a bango? Amsa ita ce, waya ta mai ita ce, in ya fita ta bi shi. Abin da a ka kafa a bango kuwa na gida ne, kamar randa, kowa ya san inda ya ke, ba ya ɓata, ba a kai shi caji kasuwa. Har wa yau, babu abin da ke cikinsa sai wanda mai gida ya zuba, kuma duk abin da yaro ya taɓa kowa na ji. Amma yana da nasa halin. Gilashin yana aiki ne da ɗan lantarkin da ke jikin mutum, dabarar da wani Bature, E. A. Johnson, ya fara bayyanawa a Malban ta Ingila cikin 1965 don masu lura da jiragen sama. Sabo da haka in Inna ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala sai ya ruɗe, sai ta goge tukuna. Da hunturu mu kan rufe shi da ƙyalle sabo da ƙura. Da bazara, sa'ad da zafin ƙasarmu ke wuce digiri 40, sai kwamfutar ta yi nauyi, har sai da a ka huda gidan katakon a ka sa mata 'yar fanka. Kuma kada a haɗa ta da wutar gari kai tsaye, domin in wuta ta ɗauke tana cikin rubutu katinta na iya lalacewa.

Yanzu ga inda na yi hasara. Tun ranar farko yaron ya ce mini, “Baba, a sayi faifai na biyu a kwafe, a kai Gwandu.” Na ce sai an yi albashi. A ka yi albashi na ce sai na gaba. Adakar kuma na mai da ita ɗakin ajiya, na manta da ita, tun da a ganina aikinta ya ƙare. Da daminar 2022, wani yaro ya ja waya yana wasa, faifan ya faɗo ƙasa yana cikin juyawa. Daga ranar bai ƙara magana ba, an kai wa masu gyara har Sakkwato sun ce babu dama. Na ce ba kome, ai ga kaset, a sāke kwafa. Da na buɗe adaka sai na tarar rufin ɗakin ya yi yoyo, ruwa ya kwanta a gindinta. Mafi yawa sun tsira, amma guda 11 na ƙasa sun yi funfuna sun manne. Huɗu daga cikinsu wasiƙun kawuna ne, har da wadda ya lissafa zuriyarsa a ciki. Tafsiri da waƙa a na samunsu wurin wasu, wannan kuwa babu mai ita duk duniya sai mu, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya tun da daɗewa.

Kwana uku ina rasa bakin da zan gaya wa Inna. Da na faɗa mata, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, “Ɗauko takarda.” Ashe yawan saurare ya sa ta haddace. Ta zauna ta jero mini sunaye 23 na dangin da ba mu taɓa gani ba, na rubuta, sa'an nan na ce ta maimaita mu ɗauki muryarta. Sunayen sun tsira, muryar mai su ta tafi, kuma ni na jawo.

Abin da ya ƙara mini kunya shi ne, ni ɗan Gwandu ne, a gaban hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na girma. Kusan shekara 200 ke nan da rasuwarsa, amma har yau a na karanta Liya'ut Ta'wili da Tazyinul Waraƙati, wanda ya tattara waƙoƙinsa a ciki cikin 1813. Gara da gobara da ruwa ba su ƙyale takardun zamaninsa ba. Abin da ya tsirar da su shi ne almajirai sun yi ta kwafa da hannu, wannan ya kai Sakkwato, wancan ya kai Kano, in ɗaya ya hallaka goma na nan. Magabatanmu sun san wannan da tawada da alƙalamin kara, ni da na'ura a hannu na kāsa.

Yanzu faifai uku gare mu, ɗaya a Kalgo, ɗaya a Gwandu wurin wana, wanda shi ma ya kafa nasa allon a zaure don ɗaliban mahaifinmu, ɗaya kuma wurin ƙanwarmu. Duk ƙaramar salla mu kan haɗa su mu duba lafiyarsu. Adakar kuma tana bisa maratayi a ɗaki mai rufin kirki.

Sabo da haka ina kira ga malamai da ma'aikata 'yan'uwana, duk mai irin wannan adaka a gida ya buɗe ta tun yau. Ku fara da abin da babu shi wurin kowa, watau muryar iyaye da karatun malaman zaure, waƙar da ta yi suna ta jira. In kun kwafe kada ku yar da kaset, kuma kada kwafi ya kwana a gida ɗaya. Kada kuma a mai da waƙoƙin mutane abin ciniki, gama masu su sun bar magada. In za ku kafa allo, ku tambayi tsofaffin gida inda hannunsu ke kaiwa da rubutun da idonsu ya saba da shi. Ina kuma roƙon shugabannin jami'armu ta Kalgo da na Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi su duba ko ɗalibansu za su riƙa taimakon jama'a da wannan aiki lokacin hutu, a ajiye kwafi guda a ɗakin karatu in masu abin sun yarda. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

 Wasalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta,
Kalgo.