Ranakun da Babu Abin da Ya Faru

Ni mutum ne mai riƙo. Zuciyata takan adana ranar wuya, ta saki ranar sauƙi. Abin da ya sassauta mini wannan hali shi ne karatun yadda masana ke gano yanayin Turai na shekaru ɗari shida zuwa ɗari bakwai da suka wuce.

A wancan zamani babu ma'aunin zafi, sai a ƙarni na 17 aka samu. Don haka takardu ne shaidu. Marubutan tarihi na lokacin kuwa bala'i ne ke sa su ɗaukar alƙalami: ruwan da ya ƙi ɗaukewa a 1315 har hatsi ya ruɓe a gona, yunwar da ta biyo baya har zuwa 1317, ambaliyar Yulin 1342 da ta karya gadoji a Jamus, guguwar Janairun 1362 da ta tura teku cikin ƙauyuka. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya tsaya a kansu kaɗai zai rantse gari bai taɓa wayewa lafiya ba a ƙarni na 14.

Masu daidaita labarin su ne waɗanda ba a san su ba. William Merle, wani limamin coci a Ingila, ya riƙa rubuta yadda gari ya kasance daga 1337 zuwa 1344, har da lokutan da ba a ga komai ba sai yayyafi da hazo. A garin Beaune na Faransa akwai ranakun fara girbin inabi tun 1354: in an yi zafi girbi ya zo da wuri, in an yi sanyi ya makara. A Alƙahira kuma, a wancan zamani kowace shekara akan duba ma'aunin ruwa da ke tsibirin Rauda, a ga ko kogin Nilu ya cika kamu 16. Da irin wannan rubutu mai haƙuri ne ake sanin mene ne daidai, sannan a iya cewa wance shekara ta fita daban.

Nan na ga kaina. Tunanina irin na marubutan bala'i ne. Rana guda da ɗan'uwa ya ɓata mini na nan daram, amma shekarun da ya yi yana gaishe ni, yana duba mahaifiyarmu, yana rufa mini asiri, babu inda na ajiye su.

Yanzu kowane dare nakan rubuta layi biyu: yadda gari ya wuni, da alheri ɗaya da na gani. Kuma kafin in yanke wa wani hukunci, nakan tambayi kaina ko na ƙirga ranakunsa na lafiya. Adalci ga mutum yana bukatar cikakken lissafi, kuma mafi yawan ni'imar Allah a ranakun shiru take sauka.