Motar Bodin Katako A Maitama

A wani gida a Maitama, wajen titunan nan da aka laƙaba wa sunayen kogunan duniya, su Nilu da Misisifi, akwai wani dattijo mutumin Funtuwa wanda ya daɗe da ajiye aikin gwamnati. Yana cikin ma'aikatan da suka taso daga Ikko a ƙarshen 1991, sa'ad da aka maido hedkwatar ƙasa Abuja. Maƙwabta sun san shi da zuwa masallaci da ƙin hayaniya. Abin da ba su sani ba shi ne, in ya karya kumallo sai ya shige wani ɗan ɗaki a bayan gida, ya ɗora tabarau, ya zauna haɗa motocin roba har azahar.

Kada mai karatu ya zaci irin motocin nan ne da ake saya wa yara ranar salla. Waɗannan a wargaje suke zuwa cikin kwali, gutsure-gutsure, wani lokaci fiye da ɗari, kowanne da lambarsa, ga kuma takarda mai zane da ke nuna inda zai shiga. Sai mutum ya yanko gutsure da reza, ya goge bakinsa da samfefa, ya ɗauka da hantsaki, ya ɗiga masa gam. Gam ɗin kuwa narkar da fuskar robar yake yi kaɗan har ɓangarorin biyu su zama abu guda, saboda haka in ka manna a karkace, to, ta zauna ke nan. Kome bisa awo aka yi shi. In an rubuta 1/24 a jikin kwali, watau motar da tsawonta ya kai ƙafa 24 ta koma ƙafa 1, haka nan sitiyarinta da madubinta da kusoshin tayarta. Kamfanin Airfix na Ingila ya shiga wannan sana'a a 1949 da 'yar tarakta samfurin Ferguson, shi kuwa Tamiya na birnin Shizuoka a Japan da cinikin katako ya fara kafin ya koma roba. A Ingila ɗin ma Alhaji ya fara ganin abin, cikin wani kanti, lokacin da aka tura shi kwas a 1979. Da ya dawo da kwalaye uku, uwargida ta dube su ta ce, "Alhaji, yanzu wannan ce tsarabar?"

Ita ba ta san asalin abin ba. Mahaifin Alhaji direba ne, yana jan wata Bedford mai bodin katako, yana kwaso auduga daga kasuwannin ƙauye zuwa injin gurza na Funtuwa, in kaka ta yi kuma ya ɗauki gyaɗa zuwa Kano. A zamanin nan duk yaron da ya isa yaro a unguwarsu ya iya motar kara. Bayan an girbe dawa sai su bazu gonaki neman sille mai kyau, su ɓare bayansa su yi tsinke da shi, su yanka tsokar cikin mai laushi, su riƙa soka wannan cikin wancan har mota ta tashi. Taya kuwa sakaina ce, a goga ta a kan dutse har ta yi da'ira. Babu takarda, babu lamba. In kana son motarka ta yi kama da ta gaske, sai ka tafi tasha ka tsuguna ka ƙura wa ta gasken ido, har karen mota ya kore ka. Alhaji ya fi sauran yara sa'a, don tasu a ƙofar gida take kwana.

Tsohon ya rasu, aka sayar da motar, ko hotonta ba a bari ba. Shi kuwa ɗan ya yi ta haɗa motocin wasu: na tsere, na sojan Jamus, bas ɗin London mai bene, har kabad biyu suka cika. Ya nemi kwalin motar bodin katako irin ta hanyoyin Arewa bai samu ba, kuma ba abin mamaki ba ne, gama Turawa kai da inji da ƙashin mota kaɗai suke turowa, kafintocinmu ne ke gina bodin, masu fenti su yi masa ado. Daga bisani ya sami kwalin wata tsohuwar Bedford mai dogon hanci a awon 1/24. Ba ita ce daidai ba, amma 'yar gidansu ce, har sitiyarinta ma a dama yake, kamar yadda motocin ƙasar nan suke kafin canjin hannu na watan Afrilu 1972. Ya haɗa kan da injin, ya shafa kore, ya jira hunturu ya wuce don kada ƙura ta ɓata masa fenti. Saura bodi, wanda sai dai ya sassaƙa da kansa.

A nan aiki ya cije. Da ya zo yanka katako sai ya tarar bai san ko layi nawa ne a gefen motar ba. Tsanin da karen mota ke hawa, a dama yake ko a hagu? Ya yi shekara da shekaru yana ganin motar a zuciyarsa sarai, ashe abin da yake gani bai isa a auna ba. Ya manna, ya ɓalle, ya sāke mannawa. Ga shi kuwa likita ya gaya masa yana ta fara rufe idonsa na dama, hannu kuma ya soma rawa in ya riƙe hantsaki. Bai gaya wa kowa ba, amma ya san lokacin da ya rage masa na irin wannan aiki ba shi da yawa.

Ana nan sai aka kawo jikansa hutu, yaro ɗan shekara 7 wanda aka yi wa sunan marigayin, don haka Alhaji ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce Babana. Wata rana da la'asar yaron ya sami ɗakin a buɗe. Ya ga mota, ya yi abin da kowane yaro zai yi da mota: ya sauke ta ƙasa ya tura. Irin waɗannan kuwa ba a yi su don tafiya ba, don kallo aka yi su. Gatarin gaba ya karye, fitila ɗaya ta yi tsalle ta ɓace. Alhaji ya shigo ya daka masa tsawar da bai taɓa yi wa 'ya'yan cikinsa ba. Yaro ya fita sumui-sumui, da ya kai bakin ƙofa ya waigo ya ce, "To Alhaji, mece ce amfanin motar da ba ta tafiya?"

Daren nan dattijon bai yi barcin kirki ba. Da safe ya kira mai gadi ya tambaye shi inda za a sami karan dawa. Mai gadi ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, a Maitama? Sai dai furanni." Gaskiyarsa kuwa, unguwar da fili ɗaya ya fi kuɗin gonakin gari guda wa zai shuka mata dawa? Sai da aka yi kwana uku kafin ya samo dami daga wani ƙauye wajen Bwari, da fasasshiyar ƙwarya.

Suka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, kaka da jika, mai gadi yana goga sakaina a gefen kwalbati. Alhaji ya yi shekara fiye da 60 rabonsa da ɓare kara, har tsinke ya yanke shi a yatsa, amma bai nemi tabarau ba. Yana ba yaron labarin hanyar Kano, hannunsa na ta soke-soke shi kaɗai. Da ya gama ya ajiye ta ƙasa, sai ya yi shiru yana dubanta. Layi shida ya jera a gefe, na sama ya fi sauran faɗi, ga tsani a hagu, dab da bayan kai. Ba da tunani ya sa su ba.

Yaron ya ɗaura mata zare ya ja ta har bakin get, tayar sakaina na ƙara a kan siminti. Alhaji ya kira shi ya ce, "Babana, ara mini ita minti biyar." Ya shiga da ita ɗakin, ya ajiye ta kusa da ta roba, ya ɗauki reza ya fara ɓalle layin katako na bakwai. Daga waje kuwa mai motar yana ta buga ƙofa, wai minti biyar ta cika.