Abin da Gicciye Yake Nufi ga Maƙwabcinka, da Abin da Ya Wajaba a Kanka

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, darasinmu na yau yana cikin babin haƙƙin maƙwabtaka, kuma zan fara shi da abin da ya kunyata ni.

Wata Juma'a da ta dace da makon Ista, ina dawowa daga masallaci a nan Gamkalley, sai na tarar da almajiraina biyu suna yi wa 'yar maƙwabcina dariya saboda gicciyen da ke wuyanta. Mahaifinta kafinta ne ɗan ƙasar Togo, mun fi shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu. Na tsawata musu, sai babban ya ce: "Malam, to me ya sa suke girmama itacen da suke cewa a kansa aka kashe shi?" Na san yadda ake raddi tun ina ɗalibi, amma amsar wannan tambaya ban san ta ba. Da la'asar na je shagon mutumin na tambaye shi.

Ga abin da ya gaya mini, amana ce, ba zan ƙara ba kuma ba zan rage ba. A aƙidarsu, saɓon Annabi Adamu ya shafi zuriyarsa baki ɗaya, kuma bashi ne da ɗan Adam ba zai iya biya da aikinsa ba. Adalcin Allah yana neman a biya, rahamarsa tana neman a yafe. Sai suka ce a mutuwar Yesu Almasihu ne biyun suka haɗu: shi marar laifi ya ɗauki hukuncin masu laifi a Golgota, bayan garin Ƙudus, zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, ya tashi a rana ta uku. Don haka suke kiransa Mai Ceto, suke kiran mutuwar fansa, kuma tunawa da ita suke yi in sun raba gurasa a Jibin Ubangiji. Ya ce: "Liman, ka tuna ragon da ya fanshi ɗan Ibrahim? A wurinmu haka yake." Ya ƙara da cewa ranar da ya binne ɗansa na fari, tunanin cewa Almasihu ma ya ɗanɗana mutuwa shi ne ya riƙe masa zuciya.

Na saurara har ya gama, sannan na faɗa masa namu a fili. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 157 da ta 158, ya kore kisan Annabi Isa, alaihis salam, da gicciye shi, ya tabbatar da cewa Allah ya ɗaukaka shi zuwa gare shi. Suratul Baƙara, aya ta 37, ta nuna Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, saboda haka babu zunubin da aka gada. Suratul An'am, aya ta 164, ta koyar da cewa kowace rai nauyinta take ɗauka. A wurinmu gafara ba ta buƙatar jinin kowa; tuba ta gaskiya ƙofa ce buɗaɗɗiya. Ban karɓi nasa ba, bai karɓi nawa ba, muka sha shayi muka rabu lafiya.

Me ya sa nake ɗauke ka da wannan labari? Saboda na ga inda jahilci yake kai mutane. A ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 tarzoma ta tashi a Damagaram kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, washegari Asabar ta iso Yamai. Mutum 10 suka rasu a biranen biyu, 'yan sanda suka ƙirga coci 45 da aka ƙona, gwamnati ta ayyana makokin kwana uku. Zanen ya ƙona mini rai kamar kowane musulmi. Amma kafintan nan bai zana kome ba, kuma a zaurena matarsa da 'ya'yansa suka kwana biyu suna rawar jiki. Wanda ya saba raina abin da ke wuyan yarinya, cinna wa ɗakin ibadarta wuta ba zai yi masa nauyi ba.

Ka riƙe abu uku. Na farko, kada ka jingina wa Kirista abin da bai faɗa ba. Ƙarya haramun ce ko a kan wanda ka saɓa wa. Na biyu, ka faɗi aƙidarka ba tare da kwana-kwana ba, amma da kyakkyawan lafazi, kamar yadda Suratul Ankabut, aya ta 46, ta yi umarni game da Ma'abuta Littafi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina, ya yi muhawara da su kan Annabi Isa, ba su musulunta ba, amma suka koma da alkawarin aminci. Na uku, ka tsare ransa da dukiyarsa da wurin ibadarsa. Suratul Hajji, aya ta 40, ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah yake kare su daga rushewa.

Almajiran nan na kai su da kaina suka ba yarinyar haƙuri. Kai ma ka duba gidanka, ka ji abin da 'ya'yanka suke faɗa in sun ga gicciye, domin daga bakinka suka koya.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya shiryar da mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.