Daren da Masai Ya Kusa Shanye Mana Ruwa a Birnin Gwari

Uwargida, idan tafiya ta kama ki zuwa Birnin Gwari, ki bar Kaduna da hantsi. Da kin wuce Buruku gidaje za su ja baya, dajin doka da kaɗanya ya rufe hanya dama da hagu. Za ki ratsa Udawa da Kuriga, garin da aka kwashe 'yan makaranta a watan Maris na 2024. Duk da sulhun da aka yi a ƙarshen shekarar, har aka sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari, direbanmu bai tsaya ko sayen doya ba. Ban ga laifinsa ba.

Suna ne ya kai mu, tsakiyar rani. Gidan mai jego ya cika, sai aka sauke ni da yayata a wani masauki can gefen gari, ɓangaren da ke kallon dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mai da shi gandunta a 1999. Mai gadi ya gargaɗe mu cewa ruwan tankin sama shi ke nan, sai an kawo wuta.

Cikin dare na ji tsiyaya a banɗaki, siririya, ba ta yankewa. Ashe masan zamani ne ke zuƙe ruwan da za mu yi alwalar asuba da shi, mu da sauran baƙi. Wa zai fita neman mai gyaran famfo a wannan gari ƙarfe ɗayan dare?

To, ga abin da za ki yi, 'yar'uwa. Ki fara murɗe ɗan kan famfon da ke jikin bango, ƙasa da tankin masan, ruwa ya daina shiga. Sai ki ɗaga murfin. Ruwan ciki mai tsarki ne, kada ki ji ƙyama. Abu biyu ke kawo yoyo. Ko dai ƙwallon da ke yawo saman ruwa ya ƙi rufe mashiga, ruwan ya yi ta malala ta bututun tsakiya, ko kuma robar da ke toshe gindin tankin ta ƙi zama. Idan kin rasa gane wanne ne, ki ɗiga bula a tankin. In shuɗi ya bayyana a kwanon ƙasa ba ki ja ruwa ba, robar ce.

Tamu robar yashin burtsatse ne ya maƙale a bakinta, ta kuma fara tauri. Na wanke ta, yayata na haska min da waya tana cewa, "Malama, yaushe kika koyi wannan?" Yoyon ya ragu, bai tsaya ba. Muka bar kan famfon a rufe, muka koma ga bokiti da buta.

Da asuba famfon tsakar gida ya kawo. Wata tsohuwa daga Funtuwa ce ta riga mu tara butarta.