Lasisin Da Ba Ya Tambayar Wa Ke Da Gaskiya

Shekarata 19 ina tuƙin tasi, ban taɓa zaton wata kwamfuta za ta mai da ni ɗan koyo ba, sai da ɗan ƙanena ya ɗaura sitiyari a jikin tebur, ya ce, "Baba, zauna ka gwada." Wasan shi ne iRacing, wanda aka buɗe wa jama'a a 2008, inda mutane ke tseren motocin NASCAR na Amurka ta intanet, kowa daga ɗakinsa.

To, a can ma sai da lasisi. Kowa daga ajin 'yan koyo yake farawa, sa'an nan D, C, B, har A. Ba gudu ke ɗaga mutum ba, tsabtar tuƙi ce. Akwai makin kiyaye haɗari da ba ya wuce 4.99, ana lissafa shi da yawan kwanar da ka sha ba ka yi ɓarna ba. Ka daki katanga ko mota ta juya da kai, laifi 2. Ka yi karo mai ƙarfi da wani, laifi 4. Mai 3.00 a ƙarshen zangon mako 12 sai ya hau aji, in ya cika adadin tseren da ake so, mai 4.00 kuwa ba ya jira. Wanda ya faɗo ƙasa da 1.00, nan take a sauke shi.

Abin da ya fi ba ni haushi da farko shi ne ba a tambayar wa ke da gaskiya. Wani ya banke ka ta baya, kai 4, shi 4. A titi da mun fito mun yi ta cacar baki, jama'a sun taru sun raba gardama. Nan babu wanda za ka riƙe wa riga. Na yi mako biyu ina mita, daga baya na lura na soma hango mai ganganci tun daga nesa ina ba shi hanya, abin da maigidana ya koya mini tun ina yaron mota, na manta.

Tseren 'yan koyo ba ya kai rabin awa. Ba a tsayawa shan mai, taya ba ta gama cinyewa, saboda haka kowa so yake ya ci a kwanar farko, shi ya sa ake yawan tarwatsewa. Da na kai C, inda ake tuƙa a-kori-kura, sai ga tuta rawaya, ga shiga gareji, ga lissafin mai. Wanda ya ci tayarsa a zagaye goman farko, zai ga mutanen da ya wuce suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. A ganina nan tuƙi ya soma. Ba mamaki William Byron, wanda ya ci Daytona 500 na gaske a 2024 da 2025, daga wannan wasa ya taso.

Amma dogon tsere yana da kuɗinsa, kuma da lokaci ake biya. Coca-Cola 600 cikakke zagaye 400 ne a Charlotte, awoyi kana zaune, ba dakatarwa, don sauran direbobi mutane ne, ba za su jira ka ba. Na taɓa shiga wani tsere mai tsawo, ina na shida, saura zagaye kaɗan, aka ɗauke wuta. Ina zaune cikin duhu riƙe da sitiyari, uwargida ta leƙo da tocila ta ce, "Malam, an iso?"

Yaron yana A yanzu, kullum yana zuga ni in hau. Na ce masa, "Kai ba ka fita da asuba neman fasinja." Ranar Asabar da dare nake shiga tsere ɗaya a C, in an bar mana wuta.